Muryar 'Yan Wasa a Yaƙi da Cin Zarafi

Masu gangamin wayar da kai kan tashin hankali da cin zarafi sun daɗe da gane cewa saƙo yana tafiya ne gwargwadon bakin da ya fito. Mafi yawan masu aikata duka da fyaɗe maza ne, kuma samari na sauraron gwanayen ƙwallo fiye da yadda suke sauraron jami'in gwamnati. Shi ya sa ake jawo ƙwararrun 'yan wasa cikin wannan fafutuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya tana fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata a rayuwarta.

Tsoma bakin 'yan wasa iri uku ne. Na farko shi ne kira ga zaman lafiya. A watan Oktoban 2005, bayan Kwaddibuwa ta doke Sudan ta sami gurbin Gasar Kofin Duniya karo na farko, Didier Drogba da abokan wasansa suka durƙusa a ɗakin sauya kaya, gaban kyamara, suna roƙon ɓangarorin da ke yaƙin basasa su ajiye makamai. A 2007 aka kai wasan ƙasar da Madagaska birnin Bouake, hedikwatar 'yan tawaye, bisa roƙonsa. A Nijeriya ma, lokacin zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, Victor Osimhen ya ɗaga riga mai ɗauke da saƙon adawa da zaluncin 'yan sanda bayan ya ci ƙwallo a Italiya.

Na biyu shi ne gangamin da ake shiryawa musamman. Tun 1991 ake ware kwana 16, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, domin yaƙi da cin zarafin mata. A wannan lokaci 'yan wasan gasar Italiya kan fito fili da jan fenti a kumatu, alamar jan kati ga mai dukan mace. A 1991 ɗin ne kuma wasu maza a Kanada suka ƙirƙiro gangamin farin ƙyalle, bayan kisan mata 14 a wata kwaleji da ke Montreal a 1989. Mai ɗaura ƙyallen yana alkawarin ba zai aikata ba, ba zai goyi baya ba, ba kuma zai yi shiru ba.

Na uku, wanda ya fi wuya, shi ne 'yan wasa su tona abin da aka yi musu. A Janairun 2018 mata fiye da 150 suka tsaya gaban kotu a Amurka suka ba da shaida kan Larry Nassar, likitan tawagar wasan alkafura, aka yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175. 'Yan ƙwallon mata na Afghanistan ma sun yi magana, har FIFA ta dakatar da shugaban hukumar ƙwallon ƙasar har abada a 2019.

Wannan sashe na uku shi ya fi taɓa halin da ake ciki a ƙasar Hausa, inda babban abin da ke kare mai laifi shi ne shiru. Iyaye kan ce a rufa asiri don kada yarinya ta rasa miji, dangi su taru a zauren mai unguwa a sasanta, a ce a bar wa Allah. Idan wanda duniya ta sani ya faɗi abin da ya same shi, kunyar takan tashi daga kan wanda aka zalunta ta koma kan azzalumi.

A ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan na Jihar Kaduna, hanyar da irin wannan saƙo ke bi ita ce gidan kallo. Daren wasan Turai, samari kan cika bencina bayan an tashi daga gonar rake ko ta tumatir, janareta na ruri a bayan rumfa, ana gardama kan wa ya fi wa. Taron matasa maza irin wannan ba kasafai ake samunsa ba in ba a masallaci ko kasuwa ba. Masu horar da ƙungiyoyin unguwa da 'yan dambe da 'yan kokawa su ma suna da irin wannan faɗa-a-ji, a kusa kuma da harshen gida.

Sai dai baki kaɗai ba ya hukunta kowa. Nijeriya ta kafa dokar haramta cin zarafin jama'a a 2015, Jihar Kaduna ta yi tata a 2018. A Satumban 2020 Gwamna Nasir El-Rufa'i ya sa hannu kan gyaran dokar hukunta laifuka ta jihar da ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda aka samu da laifin yi wa yaro ko yarinya 'yan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Jihar na da cibiyoyin Salama masu kula da waɗanda aka ci zarafinsu, ciki har da ta Asibitin Gambo Sawaba a Zariya, wadda mutanen waɗannan ƙananan hukumomi uku suka fi kusa da ita. Saurin kai mutum asibiti yana da muhimmanci, domin maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72.

Saboda haka ana auna amfanin gangamin 'yan wasa ne da yawan waɗanda suka kai ƙara, da shari'o'in da aka kammala, da matakan da hukumomin wasanni suka ɗauka kan masu laifi a cikin gidansu.