Yaudarar Kifi da Gashin Tsuntsu: Yadda Ake Koyon Kamun Tirawut a Tafkunan Birtaniya

A wajenmu, wanda zai je fatsa tana yake nema, ko ɗan ƙulli na tuwo, ya soka a ƙugiya ya jefa ruwa ya zauna jira. A Ingila da Sukotlan da Ailan kuwa akwai masu kamun kifin da ba sa sa wa ƙugiya komai na ci. Gashin tsuntsu da na zomo da zare suke ɗaure mata har ta yi kama da ƙwaro, su shiga kwalekwale, su je tsakiyar tafki su yi ƙoƙarin shawo kan kifi ya ɗauka abinci ne. Kifin da suke nema sunansa tirawut, kuma kifi ne mai tsananin kaffa-kaffa.

Tirawut iri biyu aka fi kamawa a can. Akwai mai launin ƙasa-ƙasa da ɗige-ɗige ja da baƙi, wanda asalinsa ɗan Turai ne. Akwai kuma mai ratsin ja-ja a gefe kamar bakan gizo, wanda aka kawo daga yammacin Arewacin Amurka. Dukansu kifayen ruwan sanyi ne, shi ya sa ba za ku gan su a Kainji ko Tiga ko kogin Argungu ba. Dalilin yana cikin darasinku na kimiyya: ruwa mai sanyi ya fi riƙe iskar oksijin. Lita ɗaya ta ruwa mai digiri 10 a ma'aunin Salshiyas tana iya riƙe kusan miligiram 11, amma a digiri 30 ba ta kai 8 ba. Tarwaɗa ba ta damu da wannan ba, tana iya leƙowa ta shaƙi iska. Tirawut kuwa da zarar ruwa ya wuce digiri 20 ya fara galabaita.

Wuraren koyo

Tafkin Loch Leven da ke Sukotlan na cikin wuraren da wannan salon kamun kifi ya yi suna. A tsibirin da ke cikinsa aka tsare Sarauniya Mary ta Sukotlan daga 1567 zuwa 1568, kuma a kansa aka fara gasar kamun tirawut ta ƙasa a 1880. A Ingila akwai Rutland Water, madatsar ruwa da aka gina a shekarun 1970 don samar da ruwan sha, wadda ake zuba wa dubun-dubatar tirawut duk shekara. Mai koyo yakan yi hayar kwalekwale a bakin ruwa, sau da yawa tare da malami. A Ingila duk wanda ya kai shekara 13 sai da lasisin riƙe sandar kamun kifi, amma na 'yan 13 zuwa 16 kyauta ne. Wato sa'o'inku da yawa suna cikin harkar.

Igiya ce ke tafiya da ƙwaro

Abu na farko da ke rikita mai koyo shi ne jifa. A fatsar da muka sani, darma ko nauyin abin da ke kan ƙugiya ne ke jan zare ya tafi nesa. Ƙwaron bogi kuwa ba shi da wani nauyi. Ku gwada jefa gashin kaza ku ga inda zai faɗi. Saboda haka aka mayar da nauyin cikin igiyar kanta. Igiya ce mai kauri da aka lulluɓe da roba, tsawonta kusan mita 27 zuwa 30. Wadda aka fi amfani da ita a tafki, mai lamba 7, mita 9 na farkonta nauyinsu kamar giram 12 ne. Sandar kuma doguwa ce, ƙafa 10, ga laushi ga rashin nauyi.

Mai jifa yakan ɗaga sanda da sauri zuwa baya, ya tsaya cak, ya jira igiya ta miƙe a sama a bayansa, sannan ya turo ta gaba ya sake tsayawa cak. Sandar tana lanƙwasa ta tara ƙarfi kamar baka, ta sake shi a lokacin tsayawar. Duk sirrin yana cikin wannan ɗan jiran. In aka yi gaggawa, igiya ta yi ƙara kamar bulala, wani lokaci ƙwaron ya tsinke. In aka makara, ta faɗi a ruwa ta baya. Ƙarfin damtse ba ya taimakawa sam, shi ya sa yarinya 'yar aji uku da ta kama lokacin tana iya wuce ƙaton da ke ta fizga. Malamai sukan fara koyarwa a kan ciyawa, da guntun ulu a madadin ƙugiya, don kada wani ya kama kunnensa.

A ƙarshen igiya ana ɗaura siririn zaren roba da kifi ba ya gani sosai, mai tsawon mita 4 zuwa 6. A kansa ake jera ƙwari, galibi uku: ɗaya a can ƙarshe, biyu a kan gajerun rassa. Mai koyo dai gara ya fara da ɗaya. Ƙugiya uku da iska da hannun da bai saba ba, ƙarshensu cukurkuɗewa, ga sanyi yana cin yatsu.

Iska ce direba

A kogi ruwa ne ke kawo wa kifi abinci, shi yana tsaye wuri guda. A tafki ruwa ba ya gudu, kifin ne ke yawo, sai an neme shi. Dabarar da 'yan Sukotlan da Ailan suka daɗe a kanta ita ce a kashe inji, a juya kwalekwale ya ba iska gefensa, a bar ta ta riƙa tura shi a hankali. Mutum biyu suna zaune, ɗaya a goshi ɗaya a baya, iska na bugun bayansu, suna jifa gaba. Ta haka kowane jifa yana sauka a ruwan da ba a taɓa ba tukuna. Ga wata riba kuma: tirawut da ke kiwo a saman ruwa yakan fuskanci inda iska ke fitowa, wato yana tahowa ne wajen jirgin.

In iska ta yi ƙarfi, ana jefa wani ƙyalle mai kama da lema a ruwa ta bayan jirgin. Yana buɗewa ya cika da ruwa ya rage gudu. Duk da haka jirgin yana matsowa kan igiya, don haka dole mai kamu ya riƙa jawo ta da hannu fiye da saurin jirgin. In ya bari ta yi sako-sako, kifi zai ɗauki ƙwaro, ya ji ba nama ba ne, ya tofar, shi kuwa bai ma sani ba.

Akwai ladabi a kan ruwa. Ba a kunna inji a ratsa ta gaban jirgin wasu, domin ruwan da za su isa ne ake kora wa kifi. In an gama zango, da'ira mai faɗi ake yi a koma baya.

Ina kifin yake?

A ganina nan ne wasan ya fi daɗi, domin tambaya ce ta lissafi da nazarin halittu. Yawancin abincin tirawut a madatsun Ingila wasu ƙananan ƙwari ne masu kama da sauro amma ba sa cizo. Tsutsarsu tana zaune a laka, wasu jajawur ne saboda suna da himogulobin irin na jininmu, wanda ke taimaka musu rayuwa inda oksijin ya yi ƙaranci. In lokacin ƙyanƙyashewa ya yi, sai su taso a hankali zuwa sama, kifi yana binsu yana tsinta. Mai kamu yana kallon ruwa. Ya ga ɓawon ƙwari na yawo? Tsuntsaye na shawagi ƙasa-ƙasa? Ruwa na yin da'ira a wani wuri? Duk alamu ne.

In ba a ga komai a sama ba, kifin yana ƙasa, sai a canza igiya. Akwai mai iyo a sama, akwai masu nutsewa, kowace da saurinta a rubuce. Ku ɗauki wadda ke nutsewa inci 5 a daƙiƙa. An jefa, an ƙirga zuwa 20 kafin a fara jawowa: inci 100 ke nan, kimanin mita biyu da rabi. Ba a samu ba, a ƙirga 30. In kifi ya taɓa, an gano zurfin, sai a riƙa maimaita wannan ƙirgar. Mai koyo yakan yi ta canza ƙwaro yana zaton launi ne matsalar, alhali ƙwaronsa yana wucewa ne mita biyu a saman kan kifin.

Da zafin bazara saman tafki yana ɗumama, ruwan sanyi mai nauyi ya kwanta a ƙasa, tirawut ya bi shi. Ranar da rana ta take kuma ba iska, kamu yana wuya. Ranar gajimare da 'yar iska mai kaɗa ruwa ita masu kamu ke so.

Wata dabara da ake koya wa sabon shiga tun ranar farko: in ƙwari sun iso kusa da jirgi, kada a fizge su. A ɗaga sanda a hankali, a tsayar da su na 'yan daƙiƙoƙi. Sau da yawa kifi yana biye tun daga nesa yana shakka, sai ya ga abin zai kuɓuce masa, ya cafke.

Rai biyu ake kiyayewa

Ruwan da ya yi wa tirawut daɗi yana iya kashe mutum. Wanda ya faɗa ruwa mai digiri 10 numfashi yakan ƙwace masa nan take, ko da gwanin iyo ne, shi ya sa a Rutland sa rigar ceto dole ne. Ana sa tabarau da hula saboda ƙugiya na wucewa ta gefen fuska da gudu. Ba a yawan miƙewa tsaye. In an ji tsawa, a kwantar da sanda a nufi gaɓa, domin sandunan zamani na kabon ne, kuma kabon yana ɗaukar lantarki.

Shi ma kifin ana duba shi. Wanda za a ci, a kashe shi nan take da bugu ɗaya a ka, kada ya wahala. Wanda za a saki, da ƙugiya marar ƙaya ake kama shi, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi don kada a goge yauƙin da ke kare fatarsa, a cire ƙugiyar yana cikin koma a ruwa. Tafkin ma yana iya lalacewa. Loch Leven ya sha fama da gansakuka saboda sinadarin fosfaras da ke kwararowa daga gonaki, masana'anta da magudanan ƙazanta, har a 1992 ruwan ya yi kore shar. Sai da aka rage abin da ke shiga cikinsa kafin ya fara farfaɗowa.

Afirka ma tana da hannu a wannan sana'a. Turawan mulkin mallaka sun kai tirawut kogunan tsaunukan Kenya a farkon ƙarni na 20, kuma yau ƙwarin bogi masu yawa da ake sayarwa a shagunan Turai da Amurka a Kenya ake ɗaure su da hannu. A kogin Faro da ke arewacin Kamaru kuwa, baƙi suna zuwa daga ƙasashen waje da irin wannan sanda da igiya, sai dai ƙwarinsu manya ne masu siffar ƙananan kifaye, domin abin da suke nema a can giwan ruwa ne da tsage.