Ko Kun Sani? Tabar Wiwi da Mai Juna Biyu

Sinadarin THC, wanda ke sa maye a tabar wiwi, yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin ɗan tayi, kuma yana fita a ruwan nono. Tun 1978 masu bincike a Ottawa, babban birnin Kanada, suka fara bibiyar 'ya'yan matan da suka sha wiwi da ciki, har yaran suka girma, inda suka lura da raunin mai da hankali ga wasunsu. Binciken yana da wuya, domin da yawan matan suna haɗawa da sigari, amma an danganta wiwi da haihuwar jariri marar nauyi. Abin tausayi, wasu don laulayi suke sha. 'Yar'uwa, idan laulayi ya tsananta, ki nufi asibiti.