Rini Ya Baro Karofi Ya Shiga Tsakar Gida

Duk wanda ya ratsa kasuwar Itoku da ke Abeokuta, ko kuwa ya leƙa marinar Ƙofar Mata a birnin Kano, zai tarar da sana'a guda ce a wuraren biyu, ko da yake kowa da irin tasa hanyar. A Kano maza ne ke zaune a bakin karofi, a ƙasar Yarbawa kuwa mata ne suka riƙe sana'ar, uwa ta koya wa 'yarta. A yanzu an sami rukuni na uku, watau matan aure da ɗalibai da ma'aikata waɗanda ke yin rini a gida don sha'awa, cikin baho ko bokiti. Abin tambaya shi ne, ko waɗannan sababbin hannu za su iya riƙe abin da marinan gado ke gab da saki?

Rini tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan. Marinan Ƙofar Mata suna lasafta kafuwar wurinsu daga shekarar 1498, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano cikin shekarar 1851, ya rubuta cewa saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin birnin, har ya ƙiyasta kayan da ake kaiwa Tambutu kaɗai a kowace shekara za su kai kayan raƙumi 300. Garin Kura ya yi suna wajen turkuɗi, wanda Buzaye ke naɗawa har shuninsa ya kama fatarsu.

Aikin karofi na masu haƙuri ne. Ana haƙa rami mai zurfi, a dalaye cikinsa da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Daga nan sai a cika shi da ruwa, a zuba toka da katsi da busasshen baba, a bar shi kwanaki yana ruɓa, ana motsa shi da muciya. Dalilin wannan jira kuwa shi ne launin baba ba ya narkewa cikin ruwa sai ruɓar ta sauya shi. Shi ya sa idan aka tsamo zane daga karofi sai a gan shi kore-kore, sai ya sha iska sannan ya juye shuɗi. Gwargwadon yawan tsomawa da shanyawa, gwargwadon duhunsa. Bayan ya bushe a kai shi wajen mabuga, su buge shi a kan gungumen itace har ya yi sheƙi.

Yarbawa suna kiran nasu adire, ma'anarsa a ɗaure a rina. Iri uku suka fi shahara. Akwai oniko, wanda ake ƙulle zane da zaren kaba, wani lokaci da tsakuwa ko ƙwayar hatsi a ciki. Akwai alabere, wanda ake ɗinke zanen da allura kafin rini, a farke bayansa. Sai kuma eleko, inda ake dama garin rogo ya yi kauri, a zana shi a jikin farin yadi da gashin kaza, ko a shafa shi ta cikin hudojin farantin ƙarfe da aka yanka ado a jikinsa. Duk inda ƙullin ko kunun rogon ya rufe, rini ba zai shiga ba, nan ne adon ke fitowa.

Canjin da ya girgiza sana'ar daga Turai ya taso. A shekarar 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. Da shi da soda mai ƙuna suka iso Abeokuta, aikin da ke cin kwanaki ya koma na 'yan sa'o'i, amma kuma masu saye suka fara kukan cewa zane yana saurin yagewa. Har ta kai Alake na Abeokuta, Ademola na Biyu, ya yi yunƙurin hana amfani da su a cikin shekarun 1930, matan marina suka ƙi amincewa. Daga ƙarshe dai garin rini na kanti shi ya yi rinjaye, a Kudu da Arewa baki ɗaya.

Wannan sauƙi ne ya buɗe wa masu sha'awa ƙofa. Mai koyo ba ya bukatar rami ko baba. Farin yadin auduga da zare da garin rini da soda da ruwan zafi sun wadatar, wasu kuma su ƙara da kyandir narkakke da hatimin katako don buga ado. Ana koyar da shi a makarantu, haka kuma a sansanonin masu yi wa ƙasa hidima. Nike Davies-Okundaye, wadda ta buɗe cibiyarta a Oshogbo cikin shekarar 1983, ta horar da mutane masu ɗimbin yawa ba tare da karɓar ko kwabo ba. Sai dai wajibi ne mai yi a gida ya yi hattara. Soda tana ƙona fata, tana kuma iya makantarwa. A sa safar hannu ta roba, a yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, a nisanta yara, kada kuma a mayar da kwanon rini na abinci.

Matsalar da ta fi damun marina a yau ita ce yadin da ake bugawa da inji a ƙasashen waje, musamman Sin, a kwaikwayi adon adire, a sayar da shi da araha. Gane shi ba wuya. Rinin hannu yana ratsa zane ciki da waje, kuma ba a samun ƙulli biyu da suka yi daidai da juna. Na inji kuwa adonsa maimaici ne babu kuskure ko ɗaya, sau da yawa bayansa ya fi gabansa kodewa.

Babu shakka masu rinin gida sun raya ƙulli da ɗinki da zanen ado. Amma akwai abin da baho ba zai koya musu ba, watau sanin lokacin da karofi ya nuna, wanda marini ke ganewa daga ƙamshi da kumfar da ta taso. Wannan ilmi yana kawunan dattawa ne, ga shi kuwa ramuka da yawa a Ƙofar Mata sun cike da shara don rashin mai aiki. Ya kamata makarantun da ke koyar da rini su riƙa kai ɗalibansu gun waɗannan dattawa tun suna da rai, hukumomi kuma su sayi aikin hannu idan za su yi anko. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.