Keke Ma Kamar Takalmi Yake: A Auna Ƙafa Kafin A Yi Ciniki

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, keke ya fara dawo da martabarsa a ƙasar Hausa. Mutanen yammacin Zamfara ma sun riga sun ɗanɗana takura tun a 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai saboda matsalar tsaro. Yau manomin fadamar Gummi, da ɗan makarantar da ke shigowa Anka daga ƙauye, da ɗan kasuwar da ke kai da komowa tsakanin Nasarawar Burkullu da Bukkuyum, duk sun san amfanin abin hawan da ba ya shan mai. Sai dai in an je saye, mutum ya kan matsa birki, ya juya feda, ya duba taya, sannan ya taya. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ko keken daidai yake da jikin wanda zai hau. Alhali ba wanda zai sayi takalmi bai zura ƙafa ya ji ba, keke kuwa ƙafar ce ke tuƙa shi.

Ruɗanin daga bakin kasuwa yake farawa. In mai keke ya ce wannan lamba 26 ne, wancan 28, faɗin taya yake nufi da inci, wanda bai faɗa wa mai saye komai game da girman gangar keken ba. Girman ganga ana auna shi ne a jikin ƙarfen da ke tsaye, daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa bakin inda sandar sirdi ke shiga. Kekuna biyu masu taya iri ɗaya na iya bambanta da kusan taƙi guda a wannan wuri. Haka su ma mutane. Maza biyu masu tsayin santimita 175 za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, amma ɗaya ƙafafunsa ne dogaye, ɗayan kuma gangar jikinsa. Shi ya sa jadawalin kamfanonin keken tsere, wanda ke bai wa mai irin wannan tsayi ganga ta santimita 54 zuwa 56, kusantar da mutum kawai yake yi. Tsawon ƙafa shi ke yanke hukunci.

Awon kuwa ba ya buƙatar komai sai tef ɗin tela, wanda babu garin da babu shi. Mutum ya cire takalmi, ya jingina da bango, ya matse littafi a matsematsinsa kamar ya zauna a kan sirdi, a auna daga saman littafin zuwa ƙasa. Kashi biyu bisa uku na abin da aka samu shi ne girman gangar da ta dace da shi a keken tsere ko keken gargajiya mai miƙaƙƙiyar sanda. Wanda ƙafarsa ta kai inci 33, ganga mai inci 22 ce tasa. Mai inci 36 ya ɗauki 24. Yaro mai inci 27 bai kamata ya wuce 18 ba. Keken nan mai kaurin taya da aka ƙera don hawan duwatsu ana rage masa kusan inci 4 daga wannan lissafi. Ga tsayin sirdi kuma, akwai ƙa'idar da ta yi suna ta hannun Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci babbar gasar tseren keke ta Faransa a 1986 da 1989 da 1990: a ninka tsawon ƙafa da 0.883, abin da ya fito shi ne tazarar da ke tsakanin tsakiyar mahaɗar feda da saman sirdi. Wanda lissafi ya yi wa nauyi, ya hau sirdi, ya ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba, an dace. Ya kuma sauko ya tsaya da sandar keken a tsakanin ƙafafunsa, tafukansa biyu a ƙasa. Ya kamata a ce yatsu biyu za su shige tsakaninsa da ƙarfen.

Dalilin duk wannan a jiki yake. Gwiwar mai keke tana lanƙwasawa tana miƙewa sau dubbai a cikin sa'a guda, don haka kuskuren da bai kai ɗan yatsa ba sai ya taru ya zama ciwo. Sirdin da ya yi ƙasa yana ɗora nauyi a kan ƙoƙon gwiwa, ya kuma cinye ƙarfin tuƙi, mutum ya gaji tun tafiya ba ta yi nisa ba. Wanda ya yi sama yana sa ƙugu lilo dama da hagu, jijiyar bayan gwiwa ta riƙa ja. Gangar da ta yi tsawo kuwa tana tilasta wa mutum miƙa hannu fiye da kima, wuya da gadon baya su ɗauki wahala, yatsu su kasa kama birki da kyau. Wannan na ƙarshen ya fi haɗari a irin hanyoyinmu. A kan kwaltar da ta tashi daga Anka ta bi Daki Takwas zuwa Gummi, mai keke yana raba hanya da manyan motoci. Da ya ratse zuwa ƙauye kuma ga rairayi da rani, ga taɓo da kwazazzabai da damina. A wuraren nan, wanda ba zai iya kafa ƙafarsa a ƙasa nan take ba yana tare da faɗuwa.

Wani zai ce iyayenmu sun hau Raleigh, wanda har masana'antarsa aka kafa a Kano, daga baya aka shiga Phoenix na Sin da Hero na Indiya, ba wanda ya ɗauko tef. Gaskiya ne, amma waɗancan kekuna kansu lanƙwashe yake zuwa wajen mahayi, a miƙe ake zama a kansu, saboda haka suna yafe kuskuren awo. Akasarinsu kuma gangarsu inci 22 ce ko 24, wato daidai ƙafar cikakken magidanci, wanda dama shi ne mai sayensu. Yaran gida fa? Ta ƙarƙashin sanda suke zura ƙafa su tuƙa a karkace, wanda shi kansa shaida ne cewa keken ya fi ƙarfinsu. Keken tsere na gwanjo da ke shigowa yanzu, mai kai a sunkuye da siririyar taya, ba shi da irin wancan haƙuri.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta aljihu: kuɗin keke ɗaya ne, yaro kuma girma yake yi, a saya masa babba zai cim masa. Wannan dabarar riga ce, domin riga in ta yi yawa a naɗe hannu, ba ta taɓa kayar da kowa ba. Yaron da aka ɗora a kan keken da ya fi shi zai yi shekara biyu ko uku yana tuƙin ganganci kafin ya cim masa, kuma kuɗin ɗori ɗaya na iya cinye abin da aka yi tattali. Keke kuma ba ya rasa mai saye. Wanda ya yi wa yaro kaɗan ana sayar da shi a cika a sayi na gaba, ko ƙaninsa ya gada. Inda kuma keke ɗaya ne na gida duka, ko kasuwa ba ta ba da zaɓi ba, to da babu gara ba daɗi, amma a karkata wajen ƙaramin. Ƙaramin keke ana ɗaga masa sirdi ya yi wa dogo, muddin ba a zaro sandar ta wuce layin iyakar da aka zana a jikinta ba. Babba kuwa babu sifanar da za ta rage masa ƙarfe.

Don haka mai niyyar sayen keke ya fara biyawa ta shagon tela, ya riƙe lambar ƙafarsa kamar yadda ya riƙe ta takalminsa. Masu sayarwa da masu gyara a Anka da Gummi da Bukkuyum su ma su rataye tef kusa da famfo, su auna mai saye kafin a yi maganar kuɗi. Iyaye kuma kada su biya kuɗin keken yaro sai ya tsaya a kansa sun ga tafukansa biyu a ƙasa.