Tsohuwar Kyanwa a Gindin Rumbu

A Babura da ƙauyukanta, har zuwa bakin iyakar Nijar, da wuya a sami gidan manomi mai rumbu wanda kyanwa ba ta kewaya shi. Ba wanda ya sayo ta a kasuwa, kuma sau da yawa ba a raɗa mata suna. Da an gama girbi, an zuba damman gero a rumbu, an jera buhunan riɗi da zoɓo a ɗaki, ɓeraye sun sami labari. Ita ma ta samu.

Bahaushe ya yi mata kirari da mage mai kwanciyar ɗaukar rai, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalle ta tana dakon ɓera ya san ba a yi ƙari ba. Za ta lafe da cikinta a ƙasa, kunnuwa a miƙe, ƙwayar ido ta buɗe, babu abin da ke motsi sai bakin wutsiya. Tana iya shafe awa 12 zuwa 16 tana barci a kowace rana, duk tanadin ƙarfi ne saboda tsalle guda. Wannan sana'a gadonta ce. Kakanta muzurun daji ne na Afirka da Gabas ta Tsakiya, wanda ya matso kusa da mutane lokacin da suka fara ajiye hatsi. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai shekara kusan 9,500, aka tarar da ƙasusuwan kyanwa kusa da na mutum.

Ba kowa ke ƙaunarta ba. Mai kiwon kaji ya san dalilin da ya sa ake cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Baƙar mage kuwa, in ta gifta da dare, akwai masu yin a'uziyya don suna zaton aljani ne. Amma addini ya tsaya mata. Sahabi Abu Huraira ya sami laƙabinsa ne daga 'yar kyanwar da yake ɗauka. A Muwaɗɗa ta Imam Malik, wadda malaman zaure ke karantarwa a ƙasar Hausa, an ruwaito Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, saboda ita ba najasa ba ce. Bukhari da Muslim kuma sun kawo labarin matar da aka yi wa azaba don ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da ƙarfi ya ƙare. Likitocin dabbobi na lissafa shekarar kyanwa ta farko da shekara 15 ta ɗan Adam, ta biyu ta kai ta 24, daga nan kowace shekara huɗu ce. Ke nan mai shekara 10 ta kama 56, mai 15 kuwa tsohuwa ce 'yar 76. Wadda ta fi daɗewa a tarihi, Creme Puff ta jihar Teksas a Amurka, ta rayu daga 1967 zuwa 2005, shekara 38. Kyanwar ƙauye, mai fama da karnuka da guba da yunwar bazara, kaɗan ce ke ganin goma.

Wadda ta ga goman, sai a dube ta da safiyar hunturu. Ta dunƙule a tokar murhu mai ɗumi, gashin bayanta ya cukurkuɗe don ba ta iya lanƙwasawa ta lashe shi. Katangar da take hayewa da tsalle ɗaya, yanzu sai ta tsaya ta daɗe tana kallonta, sannan ta juya ta bi ta ƙofa. Mutanen gida su ce ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, ko su ce lalaci ne. Ciwo ne. A 2002 likitoci a jami'ar jihar Karolina ta Arewa sun duba hoton ƙashin kyanwa 100 da suka haura shekara 12, suka ga alamun lalacewar gaɓoɓi a jikin 90. Kyanwa ba ta cika ɗingishi ko kuka ba, ɓoye ciwo ɗabi'arta ce. Haƙoranta 30 su ma suna ruɓewa, dasashi ya kumbura, ta je gaban abinci ta shinshina ta koma. Idan kuma aka ga tana yawan shan ruwa, tana yawan fitsari, tana ramewa, to a zargi ƙoda, domin ciwon ƙoda na cikin manyan masu kashe tsofaffin kyanwoyi.

Wani lokaci tausayin ne ke ƙarasa ta. Uwar gida ta ga tana jin jiki, ta ɓallo farasitamol ta jiƙa mata. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Albasa da tafarnuwar da ke cikin miya suna lalata mata jini, madara kuma tana sa yawancin manyan kyanwoyi zawo. Ga maganin ɓera da ake barbaɗawa a gindin buhuna: ɓeran da ya ci guba ba ya gudu, shi ya sa tsohuwar da ta kasa kama mai lafiya ita ce ke fara cin sa.

A Turai da Amurka kula da tsofaffin dabbobi ya kai har ana yi wa karnuka masu ciwon baya da na ƙugu maganin Sinawa na soka siraran allurai a jiki. An kafa ƙungiyar duniya ta likitocin dabbobi masu wannan aiki a Amurka a 1974. Sai dai wani nazari da aka buga a 2006, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi, bai sami hujja mai ƙarfi ta yabawa ko kushewa ba. Mafaraucin ƙauye da karensa ya tsufa ba wannan ne gabansa ba. Abin da ya fi masa amfani shi ne allurar rigakafin haukan kare, irin wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, ke sarrafawa. Kyanwa ma tana kamuwa da cutar, ita ma ana yi mata rigakafin da ya dace da ita.

Abin da tsohuwar kyanwa ke buƙata bai fi ƙarfin kowane gida a Babura ba: kaskon ruwa mai tsabta a inuwa, tsokar kifi ko nama mai laushi da aka cire wa ƙaya, tsumma kusa da murhu da hunturu, da hana yara jifa da jan wutsiya. Ita maciyar nama ce, tuwo kaɗai ba ya riƙe ta. Idan ta kwana biyu ba ta ci ba, a kai ta wurin malamin dabbobi, kada a ba ta maganin mutane.