Sigarin lantarki na iya jefa matafiyi cikin matsala a ƙasar waje

A unguwar Plateau da ke Yamai, matafiya kan tambayi masu sayar da tikiti batun biza da nauyin kaya, amma ba kasafai ake tuna sigarin lantarki da ke aljihu ba.

Indiya, inda 'yan Nijar ke zuwa neman magani, ta haramta shigo da shi tun 2019. Thailand ta riga ta tun 2014. A Singapore kuwa, tun 2018 mallakarsa kaɗai laifi ne mai jawo tara.

Haka kuma, dokar jiragen sama ta hana sanya shi cikin akwatin da ake aunawa, domin batirinsa na iya kamawa da wuta.

Don haka, kafin ka nufi filin jirgin Diori Hamani, bincika dokar ƙasar da za ka sauka.