Kwari da Baka a Ƙasar Katagum: Me Ya Ci Sana'ar Maharba?

Wanda ya taso a Disina, ko a ƙauyukan da ke kewaye da ita cikin ƙaramar hukumar Shira, ya san kwari da baka tun kafin ya san bindiga. Rataye suke a bangon zaure ko a bayan ƙyauren ɗaki, inda hannu zai kai cikin duhu in ɓarawon awaki ya tsallako danga. Har yau ba su ɓace ba, ana ganinsu a kafaɗar makiyayi da mai gadi da ɗan sintiri. Abin da ke shirin ɓacewa shi ne saninsu: wane icce ake sarowa, yaushe, yadda ake murza tsirkiya, yadda ake sanɗa har a kai ga nama. In ka tambayi dalili, amsar da ke bakin kowa ita ce bindiga ta zo. A ganina wannan amsa ta yi gajarta, kuma tarihin ƙasar nan shi ke nuna haka.

A watan Janairun 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya sauka a birnin Katagum, zamanin Sarki Ɗan Kauwa, ɗan'uwan Malam Zaki wanda ya kafa masarautar da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Cikin abin da ya rubuta akwai ƙiyasin cewa ƙasar na iya fitar da mahaya 4,000 da dakaru 20,000 masu baka da takobi da mashi. A wannan ziyara ce ya gwada wa sarki harbi da bindigarsa, ya sami abin da ya auna daga nesa, sarki ya cika da mamaki. Wato shekara 200 ke nan Katagumawa sun ga abin da bindiga ke iya yi, amma ba su ajiye baka ba. Ba a kuma manta cewa 'yan baka ne ƙashin bayan rundunar jama'ar Shehu a Tafkin Kwatto cikin 1804, lokacin da suka karya dawakin Sarki Yunfa alhali dawakin jama'ar ba su taka kara sun karya ba. Lifidin da barade ke sa wa kansu da dawakinsu, tsoron kibiya na cikin dalilan ɗinka shi. Ko a Burmi, ran 27 ga Yulin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a gaban bindigogi masu ruwa, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, jagoran sojan Turawa. Bindiga ta kori baka daga fagen fama, wannan ba musu. Amma daga dawa da gona da ruga ba ta kore shi ba sai can baya-bayan nan, don haka dole a nemi sauran dalilin a wani wuri.

Kafin a je can, yana da kyau a dubi kayan da kansu, don a jikinsu amsar take.

Bakan ƙasar Hausa sanda ɗaya ce, ba haɗe-haɗen ƙaho da jijiya irin na Turkawa da Mongoliya, ba kuma doguwar sandar da ta kai tsayin mutum irin tsohon bakan Ingila. Abin da mai sara ke nema shi ne icce mai tauri da kuma danƙo, wanda zai tanƙwaru ya koma ba tare da ya tsage ba. Ɗunɗu na cikin waɗanda aka fi yarda da su, haka dargaza, wadda makiyaya ma ke so don sanda, sai gora mai cikakken ciki inda ake samunta. Ba kowane reshe ba ne. Sai wanda ya miƙe, ba gaɓa mai rauni, ba ramin ƙwaro. A sare shi, a ajiye a inuwa ya bushe a hankali, don in rana ta gaggauta shi zai dare. Sannan a zauna da wuƙa ana fiƙe bakunan biyu, ana barin tsakiya da kauri, ana ɗagawa ana dubawa da ido ɗaya don kada ɓangare guda ya fi ɗan'uwansa ƙarfi. Inda ya karkace a gasa shi kaɗan-kaɗan a kan garwashi, a danne da gwiwa har ya saitu, a shafe shi da mai. Tsirkiya kuwa fata ce ake yanka siririya, a jiƙa, a murza, a ɗaure tsakanin itatuwa biyu ta bushe a miƙe. Tana tsoron ruwa. Raɓa ko yayyafi na sa ta saki, shi ya sa maharbi na gaske ba ya barin bakansa a ɗame in ba aiki, kuma ba ya fita da tsirkiya ɗaya.

Kibiya aikin mutum uku ce ko fiye. Maƙeri ya ƙera kanta da kunnuwa masu hana ta fita, da gawayin ƙirya in ya samu. Wani ya yanko kyauro a fadama, ya zaɓi miƙaƙƙe. Maharbi ya soka ƙarfen cikin kyauron, ya naɗe wuyan da jijiya don kada ya tsage. Ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi yadda ake gani a kibiyoyin wasu ƙasashe, saboda haka ba ta da dogon zango na daidai, kuma nauyinta kaɗan ne. Ƙarfinta a dafi yake. Tushen dafin shi ne 'ya'yan kwankwani, wata yaɗuwa da ke hawa itatuwa, ana dafa su da wasu haɗe-haɗe da kowane gida ke ɓoye nasa, a shafa a ƙasan kan kibiya. Gubar na tsayar da zuciya ne. Daga dangin wannan tsiro ne wani likita a Edinbara, Thomas Fraser, ya tace maganin ciwon zuciya a ƙarni na 19, bayan Turawa sun ga mutanen Afirka na harbi da shi. Kakanninmu sun san aikin tsiron, sun kuma san makarinsa gwargwadon iyawarsu, ba tare da sun taɓa shiga ɗakin gwaji ba.

Tunda kibiya ba ta nisa, gwanintar maharbi rabinta harbi ne, rabinta kusantar nama. Nan ne burtu ya shigo. Maharbi ya ɗaura kan burtu da dogon wuyansa a goshi, ya lulluɓe da baƙin zane, ya durƙusa cikin ciyawa yana rarrafe, yana kaɗa kai sama da ƙasa kamar tsuntsun na kiwo. Barewa ta ɗago ta duba, ta ga abin da ta saba gani, ta mai da kai. Shi kuwa iska na busowa daga wajenta zuwa wajensa, don da ta ji warinsa shi ke nan. Sai ya kai inda ba kuskure, ya ja tsirkiya a tsugune, ya saki. Daga nan sai bin sawu da ɗigon jini, da sauri kuwa, domin malaman Malikiyya sun yi bayani cewa naman da aka harba da abu mai guba, in ba a riske shi da rai an yanka ba, akwai shakkar ko gubar ce ta kashe shi, ba a ci. In ya yanka, ya yanke naman da ke kewaye da raunin ya binne.

Duk wanda ya bi wannan bayani zai ga kowane mataki nasa na rataye ne a wuyan daji. Iccen baka daga daji, kwankwani daga kurmi, kyauro daga fadamar da ba a nome ba, ciyawar da za a ɓuya a ciki, da naman da za a ɓuya wa. To dajin ne ya tafi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Shira mutum sama da 230,000 a ƙasar da ba ta wuce murabba'in kilomita 1,300 da 'yan kai ba, kuma tun daga lokacin jama'a ƙaruwa take yi. Saura, wadda a da ake barinta shekaru ta huta har ɗunɗu da geza su rufe ta, yanzu kowace damina sai an kafta ta. Fadamun kogin Jama'are sun koma shinkafa da noman rani. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa, gatarin masu itacen girki da masu gawayi ya bi sauran. Ɗunɗu bai ƙare ba, icce ne mai naci, amma ba a barinsa ya yi shekarun da zai ba da sandar baka, tun yana ɗan tsiro ake sassabe shi. Wannan, a ganina, shi ne babban dalili. Mutum ba ya koya wa ɗansa sanɗar barewa a inda ba barewa.

Bindigar toka da ta baya-bayanta sun taimaka, amma ta wata hanya: su suka gaggauta ƙarar da naman. Mai bindiga da fitilar goshi yana kashewa a dare ɗaya abin da mai baka zai yi mako bai samu ba, kuma ba ya bukatar shekaru goma na koyo. Doka ma ta sa hannu. An keɓe Yankari tun 1956, Jihar Arewa ta kafa dokar kare namun daji a 1963, manyan dazuzzukan da suka rage suka zama wuraren da farauta laifi ce. Ban ga aibin wannan ba, don ba domin keɓewar ba da giwayen Yankari sun zama labari. Sai dai an kare naman ba a yi tunanin maharbin ba, wanda ya fi kowa sanin sa. Ga kuma makaranta da ci-rani da acaɓa, waɗanda suka ɗauke yaron da a da zai riƙa wa ubansa kwari. Akwai wani dalili da ba a cika faɗa a fili ba: sana'ar ta cakuɗu da layu da surkulle da kirarin iskokin dawa, matasa masu karatun addini suka guje ta ɗungurungum, ba su tsaya sun rarrabe sanin icce da tsafi ba.

Sakamakon da ya fi damuna shi ne baka ya rasa maigidansa amma bai rasa mai ɗauka ba. Yana da arha, ba ya ƙara, ba a neman takardar izini irin ta bindiga. A da yana hannun mutumin da ke ƙarƙashin Sarkin Baka, wanda ke da ƙa'idojin abin da ake harbi da wanda ba a harbi, da wanda zai tuhume shi in ya keta. Yau an fi jin labarinsa lokacin kaka, in shanu sun shiga gona rikici ya tashi tsakanin manomi da makiyayi. Likitocin fiɗa a Arewa maso Gabas sun sha rubutu kan raunin kibiya, kuma gargaɗinsu ɗaya ne: kada a fizge ta, a kai mutum asibiti da ita a jikinsa, don kunnuwan na yaga abin da ba su yaga ba wajen shiga. Tsohon maharbi ya san wannan tun fil azal. Yaron da ya sayi kibiya a kasuwa bai sani ba. Haka kayan sarautar jiya suka koma abin da ake gabatarwa a ofishin 'yan sanda.

Ba duka asara ba ce, gaskiya. Raguwar masu iya haɗa dafi ta tsirar da rayuka, ba zan yi kukan wannan ba. Kuma shekarar 2014, wadda Azare ta sha hare-haren bam a cikinta, ta tuna wa mutane darajar maharba, lokacin da ɗaruruwansu suka taru a Maiduguri suna neman a bar su su shiga Sambisa bayan sace 'yan matan Chibok, kuma 'yan'uwansu na Adamawa suka taimaka wajen ƙwato garuruwa irin su Mubi. Sunan maharbiya A'isha Bakari Gombi ya fito ne daga wannan gwagwarmaya. Amma abin da aka nema a wajensu sanin dawa ne da ƙarfin zuciya, yawancinsu kuma bindiga suka riƙe. Maharbi ya dawo a matsayin ɗan sintiri, bakansa bai dawo tare da shi ba.

Wasu ƙasashe sun bi ta wannan hanya kafin mu, suka sama wa baka sabon gida. A Butan harbin kibiya shi ne wasan ƙasa. A Mongoliya yana cikin wasanni uku na bikin Nadam, tare da kokawa da sukuwa. Turkawa sun farfaɗo da nasu har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2019, masu sassaƙa baka suka sake samun masu saye. Mu ma mun ga yadda dambe, wanda ake yi wa kallon wasan mahauta, ya koma cika fili da samun masu kallo a YouTube. Harbi ma ya fi dambe sauƙin karɓuwa a wajen malamai, tunda Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da koyonsa, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya shahara da shi, kuma yana cikin 'yan wasannin da shari'a ta yarda a sa kyauta a kan gasarsu.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin hakimi da sarakunan baka da shugaban makarantar sakandare ɗaya ba: fili a bayan gari ranar kasuwa ko washegarin hawan Salla, buhun ƙaiƙayi a rataye, kibiyoyi marasa kunne marasa dafi, da buhun gero ga wanda ya ci. Gasa na haifar da ciniki, ciniki kuma shi zai sa mai gona ya bar dargaza biyu-uku a kan iyaka su girma. Aikin da ba ya jira kuwa shi ne na ɗalibai. Akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare, akwai jami'ar jiha a Gaɗau, duka ba nisa da Disina. Tsofaffin da suka sa burtu a goshi suka yi rarrafe cikin ciyawa yawancinsu sun haura 70, kuma a bakinsu sunayen itatuwan suke, da watan da ake sara, da yadda ake gane sandar da za ta yi baka tun tana tsaye a jikin uwarta. Wayar hannu ta isa a naɗi wannan, in an je an gaishe su an zauna a ƙasa.